Ahaz da Hezekiya a Gaban Assuriya

Ɗan kasuwan da ya kawo tirelar albasa Mile 12 bai san kowa ba a Legas, yakan nemi ubangidan da zai tsaya masa, kuma ba na ganin laifinsa. Sai dai duk lokacin da na ga ɗan'uwa mai bi ya miƙa wuya ga wanda bai san halinsa ba, nakan tuna da sarakunan Yahuza biyu, Ahaz da ɗansa Hezekiya.

Da Suriya da Isra'ila suka taso wa Ahaz, annabi Ishaya ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, har ya roƙi alama daga Ubangiji. Ya ƙi. Ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesar, sarkin Assuriya, don ya taimake shi, yana kiran kansa bawansa da ɗansa. Dimashƙu, babban birnin Suriya, ta faɗi, amma Yahuza ta koma biyan haraji, kuma Ahaz ya sa aka gina bagade irin na baƙi a gidan Allah. Abin da ke girgiza ni shi ne, wannan mai taurin kai aka ba alkawarin Immanuwel, wanda Matiyu ya shaida cikarsa a haihuwar Yesu.

Hezekiya kuwa, a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, ya ɗauki wasiƙar barazanar Sennakerib, sarkin Assuriya, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, Urushalima ta tsira. Shi ma ya yi tuntuɓe, da ya buɗe wa jakadun Babila taskokinsa. Ishaya ya ce za a kwashe su duka zuwa Babila, haka kuwa aka yi a zamanin Nebukadnezzar.