Biotène ga mai wankin ƙoda: yana jiƙa baki, amma ba ya kashe ƙishirwa

Wanda aka ƙayyade wa ruwan sha saboda wankin ƙoda ya san wannan wahalar. Harshe ya manne a ganɗa, leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri kamar ƙaro. In yawu ya yi ƙaranci, ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a dasashi.

Biotène na kamfanin Haleon an yi shi ne don bushewar baki. Ruwan kurkurensa ba shi da barasa, kuma wannan babban abu ne, domin masu barasa ƙara busar da baki suke yi. Ana zuba mililita 15, wato babban cokali ɗaya, a kurkure na daƙiƙa 30, a tofar, har sau biyar a rana. Tunda ba haɗiye shi ake yi ba, bai shiga lissafin ruwan sha. Kamfanin ya ce sauƙin yana kai awa huɗu, amma da zarar an ci abinci ko an sha shayi, santsin ya wanke.

Wanda ya fi amfani shi ne mai kauri na cikin tub, Oralbalance. A matso ɗan kaɗan a kan harshe kafin kwanciya, a shafe dasashi da cikin kumatu. Yana daɗewa, ya rage farkawar dare don neman ruwa.

Sai dai ba ya sa jiki ya samar da yawu, shafe kawai yake yi. Ƙishirwa kuwa galibi gishiri da magi ne ke kawo ta, sai an rage su a miya. Warin baki mai kama da fitsari ma daga yuriya yake, wato dattin da ƙoda ke tacewa, wadda ta taru a jini ta fito a yawu, don haka kurkure ɓoye shi kawai zai yi na ɗan lokaci. Ga tsada, kasancewar kayan waje ne. Cingam marar sukari ya fi araha, kuma shi yana motsa yawun gaske.

Dasashi mai jini ba aikin Biotène ba ne. Maganin hefarin da ake sawa lokacin wankin ƙoda yana hana jini daskarewa, amlodifin, maganin hawan jini, kuma kan kumbura dasashi. A yi amfani da burushi mai laushi sau biyu a rana. Cire haƙori ko wanke shi a asibiti a sa shi washegarin ranar wankin ƙoda, da sanin likitan ƙoda. In haƙori na ciwo, a guji ibufurofen da dikulofenak, a tambayi likita adadin farasitamol.