Kafson St John's wort a kan maganin damuwa: abin da na gani

'Yar roba ce mai hoton fure ruwan ɗorawa, kowane kafso miligiram 300, an rubuta St John's wort a jikinta. A zauren WhatsApp na matan unguwarmu a Agege na ga tallarta, wurin wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta da kayan gyaran jiki: wai yana kwantar da hankali, yana kawo barci, yana yaye damuwa. Ni kuwa ina kan maganin damuwa sertraline miligiram 50 kullum da safe, wanda likita ya ɗora ni a kai a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba bayan rasuwar mahaifiyata. Na tambaye ta ko ana haɗawa. Ta ce, "Haba Maman yara, ganye ne fa zalla, ba ya faɗa da komai."

Ta fuskar kaya ba ni da ƙorafi. Robar a rufe ta zo, wa'adinta bai wuce ba, kafson ba wari, ba wuyar haɗiya. Da farko ma har na ji kamar jikina ya yi sauƙi.

Daga baya ne gumi ya fara keto mini ko fanka na kaina, zuciyata na dukan uku-uku ina zaune, ga gudawa, ga wani rashin natsuwa da ya hana ni zama wuri ɗaya. Ɗinki nake yi, to ranar da hannuna ya ƙi tsayawa in zura zare a allura, sai na kwashi duk abin da nake sha a leda na nufi wani kemis mai rajista, inda masanin magungunan Bazazzagi ne. Yana juya robar ya ce, "Hajiya, wannan kada ki ƙara sha. Ki je ki ga likitanki yau, in kuma zazzaɓi ya taso ko kika ji kanki na rikicewa, sashen gaggawa za ki nufa ko da tsakar dare ne."

Bayanin da ya yi mini, likita ma ya maimaita shi. Sertraline da danginsa irin su fluoxetine suna ƙara yawan wani sinadari mai suna sirotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan ganyen ma abin da yake yi ke nan. In aka haɗa su, kamar a zuba gishiri ne a miyar da aka riga aka sa wa gishiri: sinadarin ya yi yawa, jiki ya hau rawa da gumi, in ya tsananta sai zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar jiki da farfaɗiya, har akan rasa rai. Ya ƙara da cewa tramadol, da nan Legas ba mu rasa labarinta, ita ma haka take yi da irin maganina. Nawa Allah ya taƙaita, bai kai ga kwanciya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kafson ba jabu ba ne. Yana aiki, aikin nan nasa ne ma haɗarin. A Jamus likitoci na rubuta shi ga masu damuwar da ba ta yi tsanani ba, amma shi kaɗai, kuma da sanin abin da mutum ke sha. Yana kuma zaburar da hanta ta riƙa fitar da wasu magunguna daga jini kafin su gama aiki: ƙwayar tsarin iyali, da warfarin na masu daskarewar jini, da amitriptyline na masu damuwa, da wasu magungunan cutar ƙanjamau. Tun 2000 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da indinavir, ɗaya daga magungunan ƙanjamau. A zauren da mata da yawa ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ake tallarsa, ba wanda ya faɗa musu ciki na iya shiga.

A jikin robar gargaɗin duka-duka layi ɗaya ne, da ƙananan baƙaƙen Turanci, wai a tuntuɓi likita. Lambar NAFDAC ma na duba ban gani ba. Malamin kemis ɗin ya ce ko da akwai, yawancin kayan ganye da hukumar ke ba lamba ana rubuta a jikinsu cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba, balle ta ce sun dace da abin da likitanka ya rubuta maka.

Likita bai cire ni daga sertraline ba. Ya ja kunnena cewa yanke shi farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon, ya kuma ce tasirin ganyen a hanta kan ɗauki kamar mako biyu kafin ya gushe. Rawar hannun ta lafa bayan na daina kafson. Ba zan sake saya ba, kuma duk mai shan maganin damuwa na asibiti ban ba shi shawarar ya taɓa shi ba. Na tura wa mai sayarwar abin da likita ya ce, na roƙe ta ta sa shi a ƙarƙashin tallar. Ta amsa da "To, Allah ya ƙara sauƙi," tallar kuma tana nan yadda take.