Hajiya, ki kai shi shagon ubangida, takarda ta biyo baya

Hajiya, kin tambaya inda ya fi dacewa ki kai ɗanki ya koyi sana'a. Tsakanin cibiyar koyar da sana'a ta wata uku da kika ga tallarta da kuma ajiye yaron a shagon mai sana'a, ni shagon zan ce miki. Ba da ka nake magana ba, duka biyun na gwada su a gidana.

Ɗan marigayi yayana, da JAMB ta ƙi shi sau biyu, na kama hannunsa na kai shi Panteka a Kaduna, wajen wani dattijo mai walda da ƙera ƙofofi. Goro kawai na kai, sai alkawarin cewa yaron ba zai riƙa fashi ba. Wata ukun farko ko injin bai taɓa ba. Shara, ɗauko ƙarfe, riƙe wa manya bakin awo, kankare tsatsa, sayo abinci. Wani dare ya kwana yana hawaye, idonsa kamar an zuba masa yashi, don ya kalli wutar walda babu gilashi. Uwarsa ta ce a cire shi, na ba ta haƙuri, da gari ya waye na saya masa gilashin na mayar da shi. Kafin shekara ta zagayo ya fara yanka da haɗa firam ɗin taga shi kaɗai. Abin da ya fi faranta min rai ma ba waldar ba ce. A shagon ya koyi yi wa aiki kuɗi ba tare da ya faɗi ba, ya san dilan da ke rage kaurin ƙarfe, ya iya bin bashi wajen babban mutum cikin ladabi, ya san aikin da ya cancanci a tada masa janareta in an ɗauke wuta. Da ya cika shekara uku aka yaye shi, aka yi addu'a, ubangidan ya ba shi tsohon inji ya kuma riƙa tura masa ƙananan ayyuka. Ƙofar gidana ta yanzu shi ya ƙera ta, kuma shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta.

Ɗana na cikina kuwa wata cibiya mai zaman kanta na kai shi koyon haɗa sola, kuma har yau kuɗin nan na yi min ciwo. Ɗalibai cike da aji, inbata ɗaya, malami na zane a allo. Ya fito da satifiket mai kyan gani, da ya je neman aiki ba wanda ya ce ya nuna, waya aka miƙa masa aka ce ya haɗa batura, ya tsaya yana kallo. Ban ce duk cibiyoyi haka suke ba. Na ITF, asusun horar da ma'aikata na tarayya, da kwalejojin fasaha na gwamnati suna da kayan aiki, takardar hukumar jarrabawar fasaha ta NABTEB kuma ana shiga kwalejin kimiyya da fasaha da ita, amma wannan ya fi dacewa da yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, naki kuwa ya wuce nan.

Ko ita gwamnati, hukumar samar da aikin yi ta NDE da aka kafa tun 1986, babban shirinta na koyar da sana'a ai wajen iyayen gida take rarraba matasa.

Inda shago ke da rauni shi ne takarda, kuma kada ki raina wannan. Kamfanin gine-gine ba ya ɗaukar mutum don an ce hannunsa na da kyau. Idan ya yi kamar shekara biyu, ki sa shi ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na 3 a hau na 2 sannan na 1. Akwai kuma shaidar ƙwarewar sana'a ta NSQ ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, inda ake auna abin da mutum ya riga ya koya a shago a ba shi takarda a kai. Ki duba wuraren gini a Abuja, masu tayil da silin da yawa 'yan Togo da Benin ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shigowa kwana 90 babu biza, hannunsu kuma ya riƙe musu aikin. Ƙofar nan a buɗe take ga namu su ma, zuwa Ghana ko Kwaddebuwa, sai dai a can babu wanda ya san ubangidansa, takardar ce za ta gabatar da shi.

Abin da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: ki kiyayi masu sayar da fom a Facebook da WhatsApp da sunan shirin gwamnati. Ki taka zuwa ofishin da ke jiharku ki tambaya da bakinki kafin ki ba kowa ko sisi. Wanda ya ce ana gama kwas zai fitar da yaro aiki Saudiyya ko Dubai, a kawo fasfo da kafin alƙalami, ki rufe masa ƙofa. Cikin iyayen gidan ma akwai wanda zai mayar miki da ɗa ɗan aiken matansa. Kafin ki damƙa shi, ki sa kawunsa ya je shagon da hantsi ba tare da sanarwa ba, ya ga ko yaran na riƙe da kayan aiki, ya kuma tambayi maigidan mutum nawa ya yaye da inda shagunansu suke, ya bi ya ga ko guda biyu da idonsa.