Waya mai kan zinare ta sa na zagi lasifikun da ba su da laifi

Sati biyu cur na yi ina jin haushin lasifikun da ba su yi mini komai ba. Har hotonsu na ɗauka zan sa su a kasuwa, in rabu da su ko da faɗuwa zan yi. Yanzu ga su nan a gabana suna aiki tsaf, kunya ta ishe ni. Haushin dai bai tafi ba, komawa ya yi kan wanda ya dace da shi.

Na daɗe ina son kayan sauti na zaman ɗaki, ba irin na gidan biki mai girgiza taga ba. Na gaji da 'yan akwatunan Bluetooth ɗin nan da komai ke fitowa ta rami ɗaya kamar ana magana a cikin tulu. Kuɗin hannuna ba yawa, don haka na nufi masu kayan tokumbo, Allah ya haɗa ni da Wharfedale Diamond 9.1 guda biyu. Kamfanin Ingila ne, tun 1932 yake ƙera lasifika. Waɗannan ƙanana ne na ɗorawa a kan kanta, wufa mai inci biyar (faifan da ke fitar da sauti mai nauyi) da ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti a sama, ramukan iska biyu a gaba, om 6 (ma'aunin turjiyarsu ga wuta). Gefen ɗaya ya ɗan kuje, ban damu ba. A shagon an kunna mini su da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da guntun waya duk faci, na ji sautin da ya sa ban tsaya dogon ciniki ba.

Amfilifaya kuwa ƙarama na saya, 'yar China da ba ta wuce tafin hannu ba, irin masu guntun TPA3116 a ciki, da adafta mai bolt 24. A jikin kwalinta an rubuta wat ɗari-ɗari, amma wannan zancen kwali ne. Guntun kansa wat 50 yake bayarwa kowane ɓangare a kan om 4, a kan om 6 kuma bai kai haka ba. Ɗakina taku huɗu ne da ɗan wani abu, ta ishe ni har da saura, kuma ba ta cin wuta, inbata tana ɗaukarta ba tare da kuka ba. Ba ni da abin faɗa a kanta.

Saura waya. A nan na jefa kaina rijiya.

Na shiga wani shago a Sabon Gari da niyyar sayen waya yadi shida in wuce. Yaron shagon ya tambaye ni wace lasifika ce, ni kuma da ɗokin sabon abu na faɗa masa har da nuna hoto. Nan take ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Haba yallaɓai, ka sayi doki irin wannan ka ɗaure shi da igiyar rama?" Ya shiga ciki ya fito da wata waya a kwali mai leda. Gaskiya ta yi kyau. Kauri kamar ɗan yatsa, an saƙa mata riga baƙa mai ratsin ja, kowane baki da filogi mai ruwan zinare irin wanda ake tura wa a ramin bayan lasifika, ja ɗaya baƙi ɗaya. Har da kibiya a jiki wai tana nuna inda sauti zai bi. Ya ce jan ƙarfe ne zalla marar iska a ciki, masu situdiyo ne ke saye. Kuɗinta ya kusa kashi ɗaya bisa uku na abin da na biya lasifikun biyu. Na tsaya jim, na tuna cewa na riga na kashe masu yawa, kada in ɓata miya saboda gishirin kwabo. Na biya.

Da dare na haɗa komai, ja a ja, baƙi a baƙi, na duba sau biyu. Na kunna wata tsohuwar waƙar gargajiya da na haddace tun ina yaro, mai kalangu da babbar ganga a ƙasa. Kalangun ya fito, muryar mawaƙin ta fito, gangar kuwa kamar an aike ta. Sautin ya zama siriri, ba nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne muryar ba ta da mazauni. Maimakon in ji ta a tsakiya, sai ta riƙa yawo a gefen kunnuwana, har wani nauyi nake ji a ka kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. Na murɗa bas har ƙarshe, sai buu-buu marar ma'ana. Uwargida ta leƙo ta saurara kaɗan ta ce, "Wannan ne abin da aka hana mu sakat a kansa? Ai rediyon kicin ta fi shi." Ban ce mata uffan ba, don ba ni da bakin magana.

Wayar ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Ta yaya zan zargi abin da ya fi komai sheƙi a ɗakin? Mai tokumbo na zarga, na ce ya sauya mini lasifiku bayan gwaji. Na zargi amfilifayar, na ari wata wurin abokina, sautin bai canza ba. Na matsar da lasifikun jikin bango, na janyo su, na ɗora su a kan littattafai, na shimfiɗa darduma saboda tayil. Duk a banza. Abin da ya ƙara rikita ni, in na matsa kusa da guda ɗaya sai in ji gangar ta dawo, in na koma kujera ta tsakiya sai ta ɓace. Na ɗauka kunnena ne.

Ranar Asabar na ɗaure su a bayan mashin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun zamanin kaset yake wannan aiki. Na ce, "Baba, duba mini ko wufar ta mutu, in san abin da zan gaya wa mai saye." Bai ko buɗe su ba. Ya zaro batiri ɗaya daga rimot, mai bolt ɗaya da rabi, ya ɗauki guntun waya ya haɗa gindin batirin da baƙin rami, ya taɓa kan batirin da jan rami. Wufar ta yi tuk, ta turo waje. Ya yi wa ɗayar haka, ita ma ta turo waje. Ya ce, "Lafiyarsu ƙalau. Ina wayar da kake amfani da ita?" Allah ya sa tana cikin jaka. Ya soka ta farko a lasifika ya taɓa batirin ta ɗaya bakin, wufa ta turo waje. Ya soka ta biyu, ya taɓa kan batiri da jan filogi kamar ɗazu, sai na ga wufar da idona ta shige ciki.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ai dambe ka haɗa su. Wannan na turawa, wannan na ja."

Ashe a ɗaya daga cikin wayoyin an juya filogi tun daga inda aka haɗa ta. Silin da yake ja a wannan baki, shi ne baƙi a wancan. Rigar da aka saƙa mata ta rufe komai, ba yadda za a yi ka gani. Baba ya yi mini bayani da hannu: iskar da wannan lasifika ta tura, waccan ta janye ta a daidai lokacin, sai su kashe juna. Sauti mai nauyi shi ya fi shan wahala saboda zangonsa dogo ne, na lasifikun biyu suna haɗuwa kusan daidai a ko'ina cikin ɗaki. Shi ya sa ganga ta ɓace kalangu ya tsira, shi ya sa kuma in na matsa jikin guda ɗaya nake jin ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sati biyu ina zagin Wharfedale a kan laifin filogi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kuskure ne, kowa na yi. Amma da Baba ya kwance filogin zai gyara, sai ya tsaya yana murza silin a yatsa. Ya ɗauki reza ya kankare shi, jan ya tafi, fari fat ya bayyana. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya marmashe nan take. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kaurin nan da ya ruɗe ni kuma kusan duk roba ce, abin da ke ciki bai kai tsinken tsintsiya uku ba. Alminiyom yana ɗaukar wuta kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi yake ɗauka, ga saurin karyewa in ana yawan lanƙwasa shi.

Ya aiki yaronsa shagon masu kayan wayarin ya yanko mini waya mai sili biyu ta jan ƙarfe, mai kaurin milimita 1.5, mita uku-uku. Kuɗinta bai kai na kwalin waccan ba in da ana sayar da kwalin daban. Na dawo gida na fere bakin, na murɗe silin, na ɗaure a ramukan. Diamond 9.1 ramuka huɗu gare ta a baya, biyu na wufa biyu na tuwita, da 'yan ƙarafan da ke haɗa su. Mai sayen ta hannu ya tabbatar ƙarafan nan suna nan, in babu sai rabin lasifikar ta yi shiru. Nawa suna nan. Na kunna waƙar nan dai. Gangar ta sauko ɗakin da nauyinta, muryar ta zauna daram a tsakiya kamar mutumin yana zaune a kan teburin talabijin. Har jan numfashinsa kafin ya ɗauki baiti na ji, abin da ban taɓa lura da shi ba a shekarun da na yi ina sauraron waƙar. Da asuba na sa karatun Alƙur'ani a hankali, kowane harafi yana fita da mafitarsa, ba tsawa ba shaƙewa. Uwargida ba ta janye maganarta ba, amma na dawo daga aiki na tarar an haɗa wayarta da amfilifayar.

Don kada in yi wa alminiyom ƙarya: da an haɗa filogin daidai, a tsawon mita uku da wuya kunnena ya rarrabe. Na zauna na yi lissafi daga baya. Jan ƙarfe mai milimita 1.5, mita uku zuwa da dawowa, turjiyarsa ba ta wuce om 0.07 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na om 6 ɗin lasifikar. Ko ta ninka sau biyu ba wani abin ji ba ne. Sai waya ta yi nisa, kamar ta masallaci ko ta tsakar gida, kauri yake fara magana, a nan sai a nemi mai milimita 2.5. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an karɓi kuɗin jan ƙarfe an ba ni alminiyom, an haɗa shi a juye, sannan aka sa mini kibiya a jiki. Wutar da ke tafiya zuwa lasifika kai da komowa take yi, to ina kibiya za ta nuna?

Su lasifikun ma ba zan ce ba su da iyaka ba. Inci biyar inci biyar ne. In kana son bas mai dukan ƙirji irin na motar 'yan gayu, ba za ka same shi a nan ba sai ka ƙara sabwufa, wato lasifikar bas zalla, kuma ranar da na fito da su falo da baƙi suka cika, sai suka zama kamar yara a taron manya. A ɗaki dai, a tsayin kunne, da ɗan tazara daga bango, ban ga abin da zan nema a kuɗin nan da ya fi su ba. Da kuɗin wayar can na ƙara a kansu, da na sayi ƙafafun ɗora su maimakon littattafan da suke kai har yau. Duk sanda na kalli littattafan nan sai abin ya dawo mini sabo.

Na koma shagon, ba don ina sa ran komai ba. Yaron ya juya wayar ya ce, "Yallaɓai, ai an yanke ta, kaya in an taɓa ba ya dawowa." Na nuna masa farin silin, ya ce haka kamfani ya kawo, su ma saya suka yi. Maigidan shagon yana zaune yana danna waya, bai ɗago kai ba. Na tattara abata na fito.

Wayar ta yi wata guda a bayan ƙofa. Shekaranjiya wani ɗan jari-bola ya zo wucewa na miƙa masa, na ce ga kofa nan, wato jan ƙarfe, mai nauyi. Ya ɗaga ta a hannu, ya ciji bakin robar ya duba silin, ko reza bai nema ba. Ya ce, "Oga, wannan ai ba kofa ba ce." Ya ce sai dai in haɗa masa da tsohuwar fankar da ke jingine a zaure.