Jakar goyon da ta raka ni daga Tawa har Gwanju

Jika 22, wato sefa dubu 22, na biya a Babbar Kasuwar Yamai na karɓi wannan jaka, bayan mun sha ciniki da mai shagon da ya fara da jika 30. Baƙa ce, mai cin lita 40, ba ta da sunan wani kamfani sananne. Abu biyu suka ja ni gare ta: tana buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, ba ta baki kaɗai ba kamar buhu, kuma tana da ɗamara mai kauri da ake ɗaurawa a ƙugu. Kwana 16 na yi da ita a birnin Gwanju (Guangzhou) na ƙasar Sin, tafiyata ta farko a jirgin sama, kuma ita kaɗai ce kayana.

Daren da zan tashi, Inna ta tsaya kaina ina shirya ta. Ta ce, "Wagga 'yar jikka ita kaɗai za ka ɗauka har Sin, ɗana?" Na ce mata ta isa. Wando 3, riga 5, jallabiya ɗaya ta Juma'a, 'yar darduma, silifas, caja, duk sun shige, har da ƙunshin kilishi da dabinon da ta tura a gefe.

Daga Tawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wajen kilomita 550 ne. Ban bari an jefa ta ƙasan mota ba, tsakanin ƙafafuna ta zauna har muka sauka. A filin jirgi na Diori Hamani ne na ga aibinta na farko. Kilo 7 aka yarje mini in shiga da shi cikin jirgi, da aka ɗora ta a sikeli sai ga kilo 8 da ɗoriya. Ashe ita kanta, ba komai a ciki, ta kusa kilo 2. Dole na ciro rigar sanyi na sa a jiki cikin zafin Afrilu, na zuba caja da dabino a aljihu, sannan ta wuce. Rigar dai ta yi mini rana a Addis Ababa, inda muka canja jirgi, domin garin yana kan tudu, sama da mita 2,300, kuma sanyinsa na dare ba wasa. Can na ƙarasa kilishin Inna, tunda ba a shiga Sin da nama.

Daga Addis zuwa Gwanju fiye da awa 10 muka yi a sama. Jakar ta shige ma'ajiyar da ke bisa kai ba tare da dannawa ba, amma da zarar ta shiga, ta shiga ke nan: ina jikin taga, mutum biyu suna barci tsakanina da hanya. Duk abin da za ka buƙata, fasfo, biro na cika takardar shiga, man shafawa don bushewar leɓe, ciro shi tun kafin ka zauna. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya matse ni, na yi sallah a zaune, lissafin lokaci ya dagule mini, don awa 7 ne tsakanin agogonmu da na Sin.

Amfaninta na gaske ya fara ne bayan saukarmu a filin Baiyun. An ɗauki zanen yatsu, an buga hatimi, mutane suka yi cincirindo suna jiran akwatuna, ni kuwa na nufi ƙofa. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da muka yi hira a Addis ya kira ni, "Samari, ina kayanka?" Na ce, "Ga su a bayana, Alhaji." Ya sa mini albarka, ya ce in riƙe fasfo kamar raina.

WhatsApp da taswirar Google ba sa aiki a kan intanet ɗin Sin, don haka takarda ce jagorata, wadda wani abokina ya zana mini tun a Tawa: jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3, a canja zuwa na 2 a Jiahewanggang, a babbar tashar jirgin ƙasa a hau na 5, tasha ɗaya sai Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka. Ana saka kowace jaka a na'urar bincike kafin a shiga tasha. Na sauke, na ɗauka, cikin daƙiƙa kaɗan. Cikin cunkoso na juyo da ita gaba na rungume ta, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya da takardata. Da akwati nake ja, da ban san yadda zan yi da matakalan nan ba.

Lokacin baje kolin Kanton ne, babban baje kolin kasuwanci da ake yi a Gwanju, gari cike da baƙi. Masauki biyu suka nuna mini da hannu cewa ba sa karɓar 'yan ƙasar waje, na uku ya cika. Na fi awa ɗaya ina yawo a titunan da ko harafi ɗaya ba na iya karantawa, ga gajiyar kwana biyu ba barci. A nan ɗamarar ta biya kuɗinta. In ka ja ta ta kama ƙashin ƙugu sosai, nauyin yana barin kafaɗa ya koma ƙafafu, kamar yadda mace ke ɗaure goyo da majanyi ta yini tana aiki. Na gwada kwance ta don in ga bambanci, ban yi minti 5 ba wuyana ya fara zafi. Duk jakar da ɗamararta siririyar igiya ce kawai, bar ta a shago ko nawa aka rage maka.

Sai ruwa ya sauko. Mai shago ya tabbatar mini ruwa ba ya shigarta, kuma wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin na dogara da ita ban nemi abin rufewa ba. Yadin ya ɗan jure, amma ruwan ya bi ta zif. Da na sami ɗaki na buɗe, rigunan sama sharkaf, darduma ta jiƙe. Fasfo da katin rigakafin shawara sun tsira ne don na naɗe su a leda. Abin da zai bushe cikin awa ɗaya a kan igiya a Tawa, kwana biyu ya yi yana warin danshi, saboda iskar garin kanta jiƙaƙƙiya ce. A kan tawul na yi sallar daren nan, ina fuskantar yamma, ni da na tashi na san alƙibla da sunan gabas. Sai a lokacin na ji nisan gida a ƙirjina.

Bayanta ma yana tara gumi, in ka yi tafiyar rabin awa sai rigarka ta manne. A rana ta 10 kuma ɗinkin maratayin hagu ya fara buɗewa daga sama. Na lallaba ta har gida, wani baduku a kasuwar Tawa ya bi shi da zare mai ƙarfi a kan dala 100, wato sefa 500, ya ce asalin ɗinkin layi ɗaya aka yi.

Zan sake tafiya da ita, kuma a kuɗinta ban yi asara ba. Wanda zai saya ya sa a auna masa ita ba komai a ciki, ya ja maratayan da ƙarfi a gaban mai shago, ya kai wa baduku ya ƙara ɗinki tun kafin tafiya. Ni yanzu babbar leda nake shimfiɗawa a cikinta kafin in sa ko riga ɗaya.