Casita Spirit mai ƙafa 17: sharhina kan tsarin cikinta

Duk ɗan'uwan da ya tambaye ni a nan Houston wace ƙaramar tirelar kwana zai saya, abin da nake ce masa shi ne ya fara duba inda gado yake, inda banɗaki yake, da ɗan filin da ya rage a tsakaninsu. Fenti da kwalliya ana sabawa da su cikin mako guda, amma inda aka girka gado, nan zai zauna har ranar da za a sayar da ita. Ni da mai ɗakina mun zaɓi Casita samfurin Spirit Deluxe mai tsawon ƙafa 17, kuma tsarin cikinta ne ya sa muka zaɓe ta.

Ana ƙera Casita a wani ƙaramin gari mai suna Rice a jihar Texas, kudu da Dallas a kan babbar hanyar I-45. Kamfanin ya fara aiki tun shekarun 1980, kuma daga masana'anta ake saye kai tsaye ba ta hannun dillali ba. Jikinta na faiba ne, ɓari biyu, na sama da na ƙasa, an haɗe su a tsakiya. Ƙarancin mahaɗa yana rage wuraren da ruwan sama zai samu ya shiga, kuma ruɓewar da yoyo ke jawowa ita ce ajalin yawancin tireloli masu bangon katako. Tirelar Scamp da ake yi a garin Backus na jihar Minnesota ma irin wannan ginin ne. Gangar jikin Casita mai ƙafa 17 iri ɗaya ce, ciki ne ke bambanta daga samfuri zuwa samfuri: Freedom tana da kujeru biyu masu juyawa a gefe, Independence tana da gadaje biyu a rabe, Heritage kuma tana da gadon yara sama da ƙasa.

Ita Spirit teburin cin abinci biyu gare ta, babba a can baya, ƙarami na mutum biyu a gefe, kuma kowanne ana iya kwantar da shi ya zama gado. A nan hikimar take. Kafin mu saya mun taɓa hayar wata ƙaramar tirela daga hannun wani mutum, mai teburi ɗaya tak wanda shi ne kuma gadon. Kowane dare sai an kwashe kwanuka, an sauke teburin, an jera matasan kujera, an shimfiɗa zanen gado, da safe a warware duka kafin a samu wurin ajiye kofin shayi. Idan ɗaya ya tashi da asuba yana son karatu, ɗayan kuma yana son komawa barci, babu yadda za a yi, dole wani ya haƙura. A Spirit mun kwantar da babban teburin na baya, muka ɗora masa katifa ta gaske, muka bar shi a gado dindindin. Ƙaramin na gefe ya zama wurin ci, wurin kwamfuta, wurin hira idan ruwa ya tsare mu a ciki. Idan wani yaro daga dangi ya biyo mu, shi ne gadonsa.

Gadon yana da nasa sharaɗi, kamar na kusan kowace tirela mai wannan faɗin. A gicciye yake, faɗinsa kamar inci 54, kuma na jikin bango sai ya tsallake na baki kafin ya sauko. Mu mun daidaita, mai riga tashi shi ke kwana a baki. Ma'auratan da shekaru suka fara ja, ko mai ciwon gwiwa, na fi ba su shawarar Independence, inda kowa ke sauka ta tsakiya ba tare da ya tashi ɗan'uwansa ba.

Banɗaki ne inda ra'ayina ya sha bamban da na yawancin Amurkawan da nake haɗuwa da su a sansani. Suna yawan kukan cewa shawa da masai a wuri ɗaya suke, idan an yi wanka komai ya jiƙe. A wurinmu wannan alheri ne. Haka banɗakunan gidajenmu suke a Kano da Zariya, ƙasa mai magudana, ka shiga da buta ka yi tsarki ba ka fargabar ɓata kafet. Alwala ma a nan nake yi, in wanke ƙafa yadda ya kamata ruwan ya bi rariya. Wanda ya taɓa ɗaga ƙafarsa cikin ɗan kwamin wanke hannu a banɗakin jama'a ya san darajar wannan. Wurin matsattse ne, dogon mutum sai ya ɗan sunkuya, amma da a ba ni tsarin da ba banɗaki a ƙara mini fili, ba zan karɓa ba. Abin lura shi ne ruwa. Tanki uku ne, na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na masai. Mai alwala sau biyar a rana yana cika tanki na biyun da wuri, don haka a sansanin da ba bututun zubar da ruwa a gefen tirela, nakan yi alwalar rana a waje da buta.

Sai batun salla, wanda ba zanen kamfanin da zai nuna maka. Hanyar da ke tsakanin kicin da ƙaramin teburi tana ɗaukar darduma ɗaya a tsaye, mutum ɗaya, ba jam'i. Daga Texas alƙibla tana arewa maso gabas, ita kuwa tirela tana fuskantar duk inda aka shata wurin fakin. Wani zango hanyar ta dace da alƙibla, wani zango ta karkace yadda sujada za ta kai goshi jikin ƙofar firji. Shi ya sa yanzu nake duba taswirar sansani kafin in kama wuri, musamman a watannin sanyi. A gandayen shaƙatawa na jihar Texas, Garner da ke bakin kogin Frio da Palo Duro kusa da Amarillo, yawanci a ƙarƙashin rumfar gefe muke shimfiɗa tabarma mu yi jam'i, ciki kuma ya zama na asubar da iska ta yi tsanani.

Kicin ɗin ya isa shayi, ƙwai da ɗumame. Miyar da aka sa wa daddawa ko suya da manja, a waje muke yi kan ƙaramin murhun gas, don ƙamshi a ɗaki mai wannan girman yana kama matasai ya kwana biyu.

Tsarin ciki yana shafar nauyi ma. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka kan ƙugiyar mota. Idan ya gaza haka, takan riƙa lilo a kan hanya, wanda hatsari ne. Banɗakin Spirit a gaba yake, tukwanen gas ma a gaba, saboda haka gabanta yana da nauyi. Motarmu Toyota Highlander mai injin V6 an ƙayyade mata jan nauyin fam 5,000, tana ja ba wahala, amma mai ƙaramar mota ya duba abin da ƙugiyarsa za ta iya ɗauka tun kafin ya ƙyalla ido kan wani tsari.

Wanda zai je Rice ya gani da idonsa, ya tafi da iyalinsa. Ku cire takalma ku kwanta a gadon ku biyu, ɗaya ya gwada sauka ɗayan na kwance. Ka shiga banɗakin ka rufe ƙofa ka tsuguna, sannan ka fito ka yi sujada a hanyar tsakiya yayin da uwargida take tsaye a gaban murhu.