Sharhi kan Moodle: yadda yake aiki ga mai son buɗe kwas na intanet daga Tawa

Duk wanda ya ƙware a wata sana'a yake son mayar da ita kwas na intanet, tambayar farko da zai yi wa kowace manhaja ita ce: idan rezo ya ɗauke, darasin yana nan ko ya tafi? A Tawa da Kwanni da Madawa wannan tambayar ta fi ta kyawun shafi nauyi. A kanta na auna Moodle, bayan na yi aiki da shi tun daga girkawa har zuwa ba da maki, kuma a nan ya ci jarrabawa. A wasu wuraren sai an yi masa dabara, akwai kuma inda ba zai tsinana maka komai ba.

Moodle manhaja ce ta kyauta ta koyarwa a intanet da Martin Dougiamas, ɗan Ostireliya, ya fitar a 2002. Mutumin ya tashi ne a hamadar yammacin ƙasarsu, inda ya yi karatun ƙuruciya ta rediyo saboda nisan makaranta, kuma ana ganin alamar haka a yadda aka tsara abin don mai koyo daga nesa. Kyautar dai ta manhajar ce kawai. Sai ka yi hayar saba, wato kwamfutar da za ta ɗauki shafinka dare da rana, ka sayi sunan shafi, kuma duka biyun galibi da katin banki ake biya. Akwai MoodleCloud, inda kamfanin da kansa ke riƙe maka shafin kana biyan kuɗi, ba ruwanka da girkawa, amma a can ba a barinka ka ƙara kayan aiki daga waje, kuma wurin ajiya da yawan ɗalibai suna da iyaka gwargwadon abin da ka biya.

Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka zauna da takarda. Moodle ba ya tsara wa malami ilminsa, kuma shafin da babu komai cikinsa yana sa mutum ya yi ta zuba duk abin da ya sani. Ɗauki misalin malamin gona da ya san ajiyar albasa irin ta Galmi. Idan ya ce zai koyar da noman albasa gaba ɗaya, daga iri har kasuwa, ba zai gama ba, masu koyo ma ba za su gama ba. Idan ya ce mai wannan kwas zai iya adana albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, har farashi ya tashi ba tare da rabinta ta ruɓe ba, to ya samu abin sayarwa. Daga nan darussan suke fitowa da kansu: lokacin tsayar da ban ruwa kafin cira, shanyawa, yadda ake yanke ganye a bar wuya, tsince mai rauni, ginin rudu da shigar iska, zagayen dubawa. Darasi 12 zuwa 15, kowanne minti 4 zuwa 6, sun isa kwas na farko. Kuma a buɗe shi kafin a fara cirar albasa, ba bayan ta shiga buhu ba.

Sai batun bidiyo, wanda a nan yawancin kwasa-kwasai ke mutuwa. Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai nauyi ƙwarai: minti 1 a 1080p yakan haura mega 100, wato darasin minti 5 zai kai mega 500 ko fiye. Ba wanda zai ƙone forfe ɗinsa a kan darasi guda. Ka ɗauka da nauyinsa don hoton ya fito tas, sannan ka matse shi a kwamfuta da HandBrake, shi ma kyauta ne. Ka zaɓi 480p, ka ɗaga lambar RF, wadda ke ƙayyade yawan matsewa, zuwa wajen 27, ka fitar da shi MP4. Darasin minti 5 zai dawo kusan mega 20, darasi 15 su tashi mega 300. Idan akwai rubutu ƙanana ko abin da sai an ƙura ido, kamar tabon ruɓa a gindin albasa ko layin ɗinki, ka matso da wayar kusa tun wajen ɗauka, domin matsewa tana cinye ƙananan abubuwa. Darasin da bayani ne zalla ba ya buƙatar fuskarka. Murya a MP3 mai kilobit 64 tana cin kusan rabin mega a minti, minti 10 mega 5 ke nan.

Muryar ta fi hoton muhimmanci. Mai koyo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba ya haƙuri da maganar da iska ta kwashe. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ya wadatar, a nisan kamar taƙi guda daga baki. Lokacin hunturu a lulluɓe shi da ɗan soso saboda iska. A watannin Afrilu da Mayu kuwa waya takan yi zafi ta tsayar da ɗauka da kanta idan tana cikin rana, don haka bayan sallar asuba ya fi, kafin kabu-kabu da injin markaɗe su farka.

Yanzu ga abin da ya sa nake yabon Moodle. Yana da manhajar waya, a Android da iPhone, wadda ɗalibi zai shiga da ita ya sauke kwas ɗin cikin wayarsa. Wanda ke ƙauye ya zo Tawa ranar Lahadi cin kasuwa, ya samu rezo mai ƙarfi, zai iya kwashe darussan duka ya koma gida ya yi ta kallo ba tare da data ba. Abin da ya rubuta ko ya amsa yana zaune a wayar har ta sake samun intanet, sai ta aika. Amma akwai sharuɗɗa, kuma rashin saninsu ne ke sa wasu su ce abin ba ya aiki.

Na farko, sai ka kunna damar manhajar waya a saitin shafin, kuma shafin ya kasance mai https. Takardar tsaron da ke ba da https, irin ta Let's Encrypt, kyauta ce, tana ƙarewa duk kwana 90, don haka a saita ta tana sabunta kanta. Na biyu, bidiyon da ka ɗora kai tsaye cikin Moodle ne kaɗai ke sauka. Idan ka sa shi a YouTube ka liƙo mahaɗinsa don ka rage cika saba, ya zama sai da intanet, ka rushe amfanin da kanka. Na uku ya fi ɓoyuwa. Moodle yana ba ka damar kulle darasi na biyu har sai an gama na farko, abin da malamai ke so ƙwarai. To abin da ke kulle ba ya sauka. Wanda ya zo gari sau ɗaya a mako zai koma da darasi guda tak. Shawarata a bar darussan a buɗe, ko a kulle su kashi-kashi, biyar-biyar, abin da zai ishe mutum mako guda.

Jarrabawa ma ana iya yinta ba intanet, amma sai ka kunna wannan zaɓin a kowace jarrabawa, kuma ba ya kunnuwa idan ka sa mata iyakar lokaci ko ka zaɓi a nuna sakamakon kowace tambaya nan take. Ka bar shi a kan nuna sakamako bayan an gama duka. Kuma jarrabawar tana da amfani fiye da ba da maki: Moodle yana iya gaya maka an buɗe fayil ɗin bidiyo, amma ba ya sanin ko an kalle shi. Tambaya 3 ko 4 bayan kowane darasi su ne shaidarka.

Akwai wani tarko da ya shafi masu rubuta Hausa. Tambayar da ake rubuta gajeriyar amsa, na'ura ce ke gwada harafi da harafi. Idan ka sa amsar ita ce "ƙwaro", ɗalibi ya rubuta "kwaro" saboda allon wayarsa ba shi da ƙ, za a ba shi sifili. Ka shigar da rubutun duka biyu a matsayin daidai, ko ka koma tambayoyin zaɓi. Ga sana'ar hannu ma abin da menun Faransanci ke kira Devoir ya fi: mai koyo ya ɗauki hoton rudun da ya gyara ko rigar da ya yanka ya turo, kai ka duba ka ba shi amsa. Wannan yana cin lokacin malami, shi ya sa ban ga hikimar ɗaukar fiye da mutum 20 zuwa 30 a zagayen farko ba.

Inda Moodle ke gajiyar da mutum shi ne ƙofar shiga. An gina shi a kan zaton kowa yana da imel kuma yana duba shi. Idan ka bar mutane su yi rajista da kansu, za a aika musu saƙon tabbatarwa zuwa akwatin da da yawansu ba su taɓa buɗewa ba tun ranar da mai shago ya saita musu waya. Ga kuma dokar kalmar sirri ta asali: harafi 8, da babba, da ƙarami, da lamba, da alama. Mutum zai gwada sau uku ya haƙura. Ka sassauta dokar a saitin tsaro, sannan ka buɗe wa kowa asusu da hannunka. Ana yin haka a dunƙule da fayil ɗin CSV, wato jadawalin da ake fitarwa daga Excel, mai ɗauke da sunan shiga, kalmar sirri, suna, sunan uba, imel da gajeren sunan kwas. Lambar wayar mutum ta fi komai dacewa da zama sunan shigarsa, tunda ba zai manta ta ba. Ka adana fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba duk sunan da ke da ɗ ko ƙ ko ƴ zai fito a hargitse. Kuma Excel na Faransanci yana raba bayanai da waƙafi mai ɗigo maimakon waƙafi, sai ka faɗa wa Moodle haka a wajen ɗorawa, ko ya ƙi karɓar fayil ɗin.

Karɓar kuɗi kuwa, hanyar da ta zo cikinsa PayPal ce, wadda ba da ita ake ciniki a nan ba. Abin da ke aiki shi ne mutum ya turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money, ya aiko da hoton rasit, kai kuma ka shigar da shi. Akwai hanyar ba da makullin shiga guda ga kowa, amma makullin da ya shiga WhatsApp ya zama na gari. Asusun kowa daban ya fi, tare da saitin da ke hana shiga asusu ɗaya daga wurare da yawa a lokaci guda. Wannan ba zai hana a tura bidiyon daga waya zuwa waya ba, babu manhajar da ke hana hakan. Ka sa sunanka da lambarka a kusurwar kowane bidiyo, wanda ya same shi a banza ya san inda zai zo neman gyaran aiki da takardar shaida, waɗanda su ne ainihin abin da ake biya. Ka yi lissafinka tun da wuri: a ce kwas jika 5 ne, mutum 20 sun biya, jika 100 ke nan, daga ciki za a cire hayar saba ta shekara, sunan shafi, datar ɗora bidiyo, da ladan wanda ya girka maka.

Shi mai girkawar, ga abin da za ka tsaya a kansa ya yi. Ya ɗauki fitowar da ake daɗe ana kula da ita, kamar 4.5 ta Oktoban 2024, ya tabbatar PHP ɗin sabar ya dace da ita. Ya saita cron, mai tada ayyukan shafin a kan lokaci, yana gudana kowane minti, domin idan bai gudana ba saƙonni ba sa fita, ajiyar kariya ba ta yin kanta. Ya ɗaga iyakar girman fayil a php.ini, inda asalinta mega 2 ce kacal, sannan a saitin shafin, sannan a saitin kwas, domin mafi ƙanƙanta cikinsu ita ke hukunci, kuma wannan ne dalilin da bidiyon mega 20 ke ƙin hawa. Ya sa agogon shafin a kan lokacin Yamai, kada ranar rufe aiki ta zo da awa guda na kuskure. Kai kuma duk ƙarshen mako ka sauke kwafin kwas ɗin, fayil mai ƙarewa da mbz, ka ajiye a kile USB ko kwamfutarka.

Abu biyu ba zai yi maka ba ko an girka shi da kyau. Na farko, ba kasuwa ba ce, ba wanda zai yi tuntuɓe da kwas ɗinka a can, masu koyo daga Facebook da WhatsApp da bakin mutane za su zo. Kuma ko bayan sun shiga, sanarwarsa ba ta kai WhatsApp saurin isa ba, don haka rukunin WhatsApp na ajin dole ne, Moodle ya zama rumbun darussa da maki. Ga na biyun, wanda ya fi damuna. Menunsa rubutu ne, da Faransanci ko Ingilishi za a yi ta fama, alhali da yawa cikin waɗanda suka fi buƙatar ilmin ajiyar albasa ba su yi lakwal ba. Ga irin waɗannan, saƙon murya da gajeren bidiyo a WhatsApp sun fi Moodle nesa ba kusa ba, sai dai idan akwai matashi ɗaya a ƙungiyar manoma da zai riƙe asusun ya kunna wa saura.

Ga wanda masu koyonsa suna karatu, kamar malaman makaranta, ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, ma'aikatan lafiya, masu gyaran waya da masu haɗa sola, ina ba da shawararsa ba tare da jinkiri ba. Amma darussa 3 na farko ka fara tura su ga mutum 10 a WhatsApp, ka ga ko sun kalla har ƙarshe, ka ji tambayoyin da suka yi, ka sake ɗaukar wanda bai fito ba. Idan cikin goman an samu waɗanda suka tambayi na huɗu kuma suka yarda su biya, lokacin hayar saba ya yi.